Saura Ɗaya

Shekara arba'in ina kujerar dama,
Gieri na tuƙi, ni ina ɓare masa lemo,
ina ƙirga shanun mutane ta taga.
Ban taɓa tambayar wace ƙafa ke taka me ba,
sai da hasken idonsa ya fara janyewa
kamar ranar hunturu a bayan dutsen Vrin.
Likita ya rufe fayil, ya dube ni.
Makullin mota ya kwana a aljihuna.

Na farko a Ilanz ne,
watan da ake sauko da shanu daga tudu.
Mai jarrabawa dogo, Tschuor sunansa,
takarda a cinya, biro yana ta ƙyas-ƙyas.
A shataletale na ba kowa hanya:
mai keke, motar madara,
har wanda bai nema ba.
Ya ce, "Uwargida Caduff, kara ba tuƙi ba ce."
Na koma gida a bas ɗin gidan waya,
na ce wa Gieri layi ne ya yi tsawo.
Ya ce, "To." Ya san ƙarar takuna.

Na biyu ƙanƙara ta sauka da asuba.
A hawan bayan coci aka ce in tsaya, in tashi.
Na saki kuloci kamar mai sakin zaren saƙa,
mota ta ja da baya, taku biyu, ba uku ba,
ƙafarsa ta riga tawa kan burki.
In ƙafarsa ta riga taka, magana ta ƙare.
Sauran hanyar rakiya ce kawai,
shi shiru, ni shiru, goge-gilashi na kai da komo.

Yanzu saura ɗaya.
Ita ma ba a ba ni ita a arha ba,
sai da Ladina, malamata, sa'ar autata,
ta sa hannu cewa na ƙoshi da darasi.
Ta juya biro sau uku kafin ta sa.
Kuɗin cukun bara duk ya narke a tankin mai.

In na faɗi wannan, in ji takardar,
sai wani ofis a Chur
inda za a auna ko kaina ya dace da hanya.
Ni da na haifi uku, na binne ɗaya,
na zaro ɗan maraƙi da hannuna cikin dare,
za a zaunar da ni gaban na'ura
a ga ko ina da natsuwa.

Asibitin ido kwana talatin da ɗaya ne daga ƙofarmu,
na ƙirga su, kwana bayan kwana.
Bas ba ya jiran makaho ya sami takalminsa.

Daren jiya Gieri ya lalubo bango har rumfa,
ya buɗe ƙofar dama, ya zauna.
"Tayar."
Ba mu motsa ko taƙi ba,
amma ya bi da ni hanyar da ka:
nan gada, rage;
nan itacen da tsawa ta raba, koma giya ta biyu;
nan kada ki dubi rami, dubi inda za ki.
Na taka totur, ya karkata kunne:
"Tana kuka, Ursina. Saurare ta, ba tsoronki ba."
Sai na ji ƙamshi.
Yatsunsa na ɓare lemo cikin duhu,
yana miƙo mini ɓari ɗaya, kusa da kunnena.

Yau da safe hanya ta bushe.
Tschuor ya shigo, ya ja bel, ya ce ina kwana.
Na gyara madubi, na ga wata tsohuwa
da ɓawon lemo a aljihun rigarta.
Biro ya yi ƙyas.
Na sa sigina, na duba kafaɗa,
wani mai jan mota yana tafe daga nesa.

Ban jira shi ba.